Yadda masu kallon sama ke bin sawun taurarin ɗan Adam da ido da agogo

A ranar 21 ga watan Fabrairun 2008, wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna USS Lake Erie da ke tekun Pasifik ya harba makami mai linzami, ya tarwatsa wani tauraron ɗan Adam na leƙen asiri da ya lalace a sararin samaniya.

Tauraron, wanda ake kira USA 193, mallakar gwamnatin Amurka ne, kuma tun da aka harba shi a watan Disambar 2006 hukumomi ba su bayyana hanyar da yake bi ba. Duk da haka, wasu mutane ƙalilan da ke warwatse a Kanada da Turai da Afirka ta Kudu sun daɗe da sanin inda yake. Sun san lokacin da zai gifta ta kan kowane gari, sun kuma lura cewa kullum ƙara yin ƙasa yake yi, alamar ba a iya sarrafa shi.

Waɗannan mutane ba jami'an leƙen asiri ba ne. Masu sha'awar kallon sama ne kawai, kuma kayan aikin da suka gada daga magabatansu ba su wuce uku ba: madubin hangen nesa mai ido biyu, da taswirar taurari, da agogon awon gudu irin wanda alƙalan tsere ke riƙewa.

Me ya sa ake iya ganinsu?

Tauraron ɗan Adam ba shi da hasken kansa. Kamar wata, hasken rana ne ke dukansa ya dawo ga idon mai kallo. Saboda haka sai abubuwa biyu sun haɗu kafin a gan shi: mai kallo ya kasance cikin duhu, shi kuma tauraron yana can sama inda rana ba ta faɗi ba tukuna.

Wannan yanayi yakan samu sau biyu a rana: bayan magariba zuwa kamar sa'a ɗaya ko biyu, sai kuma irin wannan tsawon lokaci kafin ketowar alfijir zuwa wayewar gari. Da tsakar dare, yawancin taurarin da ke kusa da ƙasa sun shige inuwar duniya, ko suna bisa kan mutum ba zai gan su ba.

Mai kallo yakan shaida shigar inuwar da idonsa. Tauraro yana cikin tafiyarsa tsakiyar sama, sai haskensa ya fara disashewa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ɓace kamar an hure fitila.

Bambanta shi da sauran abubuwan da ke motsi a sama ba shi da wuya. Jirgin sama yana da fitilu ja da kore masu ƙiftawa, kuma sau da yawa ana jin ƙararsa. Abin da ake cewa tauraro ya faɗo, ƙwarar dutse ce da ke ƙonewa a iska, ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. Shi kuwa tauraron ɗan Adam ɗigon haske ne mai tafiya shiru a miƙe, yana ɗaukar minti uku zuwa goma ko fiye kafin ya ƙetare sama. Da yawa daga yamma suke fitowa su nufi gabas, wasu kuma tsakanin kudu da arewa suke bi.

Wanda ya fi sauƙin gani shi ne Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fara haɗa ta a 1998. Tana da nisan kilomita kusan 400 daga ƙasa, tana kewaya duniya cikin minti 92 zuwa 93, kuma idan ta zo ta tsakiyar sama haskenta yakan yi kusa da na Zara. Su kuma taurarin da ke kawo tashoshin talabijin ta faranti, suna can nisan kilomita 35,786, inda suke kewayawa daidai da juyawar duniya. Shi ya sa suke zama kamar a tsaye wuri guda, kuma ido kaɗai ba ya kai musu.

Daga Sputnik aka faro

Wannan sha'awa ta girmi tauraron ɗan Adam na farko da shekara guda. A 1956, lokacin da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet ke shirin harba taurari, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Smithsonian, Fred Whipple, ya kafa wani shiri mai suna Moonwatch, ya gayyaci 'yan sa-kai su taimaka wajen gano taurarin da zarar an harba su.

Shirin ya yi rana ba da jimawa ba. A ranar 4 ga watan Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta ba duniya mamaki da harba Sputnik 1, alhali manyan kyamarori 12 da Amurka ke shirin girkawa a sassan duniya ba su kammala ba. Na ɗan lokaci, 'yan sa-kai ne idon masana: malaman makaranta da ɗalibansu, da ma'aikata, da matan gida. An kafa ƙungiyoyi fiye da 200 a Amurka da Japan da Ostareliya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe.

Dabararsu ita ce yin shinge da idanu. Mutane sukan zauna a jere daga kudu zuwa arewa, kowa da ɗan ƙaramin madubinsa mai faɗin gani, kowa an yanka masa yankin sama da zai tsare, yankunan kuma suna ɗan hawa kan juna don kada tauraro ya sulale ta tsakani. A tsakiyar fili akwai dogon sanda da ke nuna layin kudu da arewa. Duk wanda tauraron ya ƙetare layin a gabansa sai ya ɗaga murya ko ya danna ƙararrawa, rikoda kuma tana naɗar muryarsa tare da siginar lokaci da ke fitowa daga rediyo.

Abin da jama'a da yawa suka gani a 1957 suka ce Sputnik ne, a gaskiya gangar rokar da ta kai shi ce, mai tsawon mita kusan 26. Sputnik kansa ƙwallon ƙarfe ne mai faɗin santimita 58, da kyar ido ke tsinkayarsa. Har yanzu a kundin abubuwan da ke kewaya duniya, gangar rokar ce ke da lamba 1, Sputnik yana da lamba 2.

A watan Satumban 1962, 'yan Moonwatch na jihar Wisconsin sun ga faɗowar kumbon Sputnik 4 yana wargajewa a iska, aka kuma tsinci wani guntunsa ya nutse cikin kwalta a garin Manitowoc. An rufe shirin a 1975, amma masu sha'awa sun ci gaba, kowa daga gidansa.

Abu biyu ake nema: ina, da yaushe

Duk aikin mai bin sawu ya tattara ne kan amsa tambaya biyu a lokaci guda: a wane ɗigo na sama tauraron yake, kuma da ƙarfe nawa yake wurin?

Amsar tambaya ta farko tana wurin taurari na asali. Masana sun riga sun auna matsayin kowannensu sun sa a taswira, don haka su ne alamomin kan hanya. Kafin tauraron ɗan Adam ya iso, mai kallo yakan duba hasashen hanyarsa, ya nemi wasu taurari biyu makusanta da ake sa ran zai bi ta tsakaninsu, ya saita madubinsa a kansu, ya jira.

Idan tauraron ya shigo, sai ya ƙaddara a zuciyarsa wani layi da ya haɗa taurarin biyu. Daidai lokacin da ɗigon hasken ya taka layin sai ya danna agogo, ya kuma kiyaye ta ina ya bi. An saba raba tazarar gida goma, a ce misali ya bi ta kashi uku cikin goma daga tauraron sama zuwa na ƙasa. Da ya koma kan taswira, lissafi kaɗan zai fitar da matsayin wurin.

Akwai sharuɗɗan da gogaggu ke kiyayewa. Ana son taurarin biyu su kasance kusa da juna, domin gwargwadon faɗin tazara gwargwadon girman kuskuren ƙiyasi. Ana kuma son layin ya gitta hanyar tauraron kamar yadda titi ke gitta titi, domin idan ya kwanta kusan tare da hanyar, da wuya a tantance lokacin ƙetarewa.

Wata dabarar ita ce jiran tauraron ya wuce dab da wani tauraro guda, a danna agogo lokacin da suka fi kusa, a ƙiyasta ɗan ratar da ke tsakani da kuma gefen da ya bi. Idan aka yi dace ya bi ta kan tauraron kai tsaye, awon ya fi kowanne kyau.

Da digiri ake auna nisa a sama. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakiyar kai digiri 90 ne. Idan mutum ya miƙe hannunsa, dunƙulen hannun yana rufe kusan digiri 10. Faɗin wata idan ya cika rabin digiri ne. Ƙwararren mai kallo da madubi mai kyau yana iya kama matsayi da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata ba. Ga tauraron da ke nisan kilomita 1,000, wannan kuskure bai kai kilomita guda ba.

Madubin da aka fi farawa da shi shi ne wanda aka rubuta wa 7x50, wato yana kusanto da abu sau 7, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 50 ne. Masu bin taurari disassu sukan yi amfani da 11x80 ko wanda ya fi shi, a ɗora a kan ƙafa uku saboda nauyi da rawar hannu.

Sai kuma abu na ƙarshe da sabon shiga ke mantawa: dole mai kallo ya san inda shi kansa yake tsaye a doron ƙasa, har da tsayin wurin daga teku. Tauraron ɗan Adam yana kusa, don haka mutum biyu a garuruwa daban-daban za su gan shi a gaban taurari daban-daban a daƙiƙa guda. A da, da taswirar safiyo ake fitar da wannan. Yanzu wayar hannu mai GPS ta wadatar.

Lokaci shi ne ƙashin bayan aikin

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Tauraron da ke kusa da ƙasa yana gudun kilomita kusan 7 da rabi a kowace daƙiƙa. Kuskuren daƙiƙa ɗaya kuskuren kilomita 7 da rabi ke nan. Ko kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mita 750 ne. Wannan kashi ɗaya cikin goma shi ne mizanin da masu kallo da ido ke ƙoƙarin cimma.

Agogon hannu ko na bango ba ya yin wannan aiki. Abin da ake yi shi ne a tayar da agogon awon gudu daidai lokacin da tauraron ya ƙetare layi, a bar shi yana tafiya, sannan a tsayar da shi a kan wata siginar lokaci tabbatacciya, a ɗebe abin da ya nuna.

Ga misali. Mai kallo ya tsayar da agogonsa daidai kan siginar ƙarfe 7 na yamma agogon GMT, agogon ya nuna minti 7 da daƙiƙa 23.4. Idan aka ɗebe, tauraron ya ƙetare layin da ƙarfe 6 da minti 52 da daƙiƙa 36.6. Da agogon GMT ake rubuta kowane awo a ko'ina cikin duniya, don kada bambancin lokutan ƙasashe ya kawo ruɗani. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da sa'a guda.

Siginar lokacin kuwa, shekaru da dama daga rediyo ake samun ta. Tashar WWV ta Amurka tana watsa bugun daƙiƙoƙi dare da rana a kan gajeren zango. A Birtaniya akwai sautuka shida na Greenwich da ake ji a farkon sa'a tun 1924, inda farkon sauti na ƙarshe ke nuna cikar sa'ar daidai. Amma akwai tarko a wannan zamani: rediyon da ake saurara ta intanet ko ta faranti yakan makara da daƙiƙoƙi, saboda haka siginarsa ba ta da amfani ga wannan aiki. Na'urar GPS da aka tanada don lokaci ita ce abin dogaro a yau.

Saura matsalar ɗan Adam kansa. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai jinkirin kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Amfanin tayarwa da tsayarwa da yatsa guda shi ne, jinkirin farko da na ƙarshe sukan ci juna, ko da ba gaba ɗaya ba. Masu ƙwazo sukan gwada kansu da tauraron da aka san hanyarsa sarai, su gano ko suna yawan riga shi ko suna makara, su riƙa gyarawa.

Wanda ba shi da irin wannan agogo yana iya yin dabarar 'yan Moonwatch: ya kunna rikoda tana ɗaukar siginar lokaci, ya furta kalma guda da ƙarfi lokacin ƙetarewa, daga baya ya saurara ya ƙirga.

Daga ɗigo zuwa falaki

Awo guda ɗigo guda ne kawai. Amfaninsa yana fitowa idan an haɗa shi da wasu. Kowane mai kallo yakan rubuta sakamakonsa a layi ɗaya bisa tsarin da aka amince da shi: lambar tauraron, lambar wurin kallo, kwanan wata, lokaci, matsayi a sama, da girman kuskuren da yake zato. Awo biyu ko uku a gifci ɗaya, da wasu daga wata ƙasa a dare na gaba, sun isa kwamfuta ta fitar da falakin tauraron, wato hanyar da yake kewayawa.

Lambobi shida ne ke bayyana kowane falaki, cikinsu har da girmansa, da yadda ya karkata daga layin Ikwaita, da ko zagayayye ne ko mai siffar ƙwai. Akan rubuta su cikin layuka biyu masu haruffa 69 kowanne, tsarin da rundunar sojin Amurka ta fito da shi, duniya kuma ta ɗauka.

Wani ɓangare na lissafin ba ya bukatar kwamfuta. Tun ƙarni na 17 Johannes Kepler ya nuna cewa tsawon lokacin kewayawa yana tafiya ne da nisa. Tauraron da ke kilomita 400 yana kewayawa cikin minti kusan 92 da rabi, na kilomita 800 kuma minti kusan 101. Wanda ya auna lokacin kewayawa ya san nisan ke nan.

A nan ne haƙuri ke biyan mai shi. Idan aka ga tauraro yau, aka sake ganinsa gobe bayan ya yi zagaye 15, kuskuren agogo zai rabu gida 15. Bayan kwana goma zai rabu gida 150. Da haka awon hannu, wanda a dare guda bai taka kara ya karya ba, yake zama mai kaifi ƙwarai bayan makonni.

Daga nan kuma ake gane halin da tauraron ke ciki. A can sama akwai ragowar iska siririya da ke goga shi, tana sauko da shi sannu a hankali, kuma duk lokacin da ya sauko, zagayensa yana gajarcewa. Saboda haka tauraron da iska ke ja kullum riga lokacinsa yake yi. Idan kuwa wata rana ya makara da yawa, alama ce cewa masu shi sun kunna injinsa sun ɗaga shi. Rashin ganin irin wannan gyara ne ya nuna wa masu kallo cewa USA 193 ya mutu.

Ƙirga walƙiya

Akwai wani reshe na aikin da ya fi sauƙi ga mai farawa. Tsofaffin gangunan roka da matattun taurari sukan riƙa wulwulawa, haskensu yana ƙaruwa yana raguwa. Mai kallo yakan tayar da agogo a kan walƙiya ta farko, ya ƙirga ta a matsayin sifili, ya ci gaba har 20 ko 50, ya tsayar, ya raba lokacin da adadin. Idan walƙiya 20 ta ɗauki daƙiƙa 64, tsakanin kowace biyu daƙiƙa 3.2 ke nan.

Masu sha'awa a Beljiyam sun shafe shekaru da dama suna tara irin wannan awo. Ya nuna cewa maganaɗisun duniya yana rage saurin wulwulawar gangunan ƙarfe a hankali, kuma idan gangar ta ƙara sauri kwatsam, ana kyautata zaton ragowar mai ne ke tsiyaya daga cikinta.

Abin da kimiyya ta samu

A Birtaniya, masanin lissafi Desmond King-Hele na cibiyar binciken jiragen sama da ke Farnborough ya shafe shekaru yana amfani da awon 'yan sa-kai tare da na na'urori, shi kansa kuma mai kallo ne da madubi da agogo.

Daga yadda falakin taurari ke sauyawa, shi da abokan aikinsa da wasu masana sun auna kaurin iskar sama a nisan ɗaruruwan kilomita. An gano cewa tana kumbura da rana ta lafa da dare, tana kuma ƙaruwa sosai idan rana ta tsananta aman wuta. A 1958, nazarin falakin Sputnik 2 ya gyara adadin da aka daɗe ana riƙe da shi na yadda duniya ta ɗan baje a ƙuryoyinta na arewa da kudu, daga kashi 1 cikin 297 zuwa kusan 1 cikin 298.

Sanin halin wannan iska bai daina amfani ba. A watan Fabrairun 2022, kamfanin SpaceX ya yi asarar taurari 38 cikin 49 da ya harba a tashi ɗaya, bayan wata guguwar rana ta kumbura iskar ta janyo su ƙasa.

Asirin da sama ta ƙi rufewa

A 1983 Amurka ta daina wallafa falakin taurarinta na soja da na leƙen asiri, ko da yake daga baya ta saki na wasu. Wannan ya ba masu sha'awa sabon abin nema. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Ted Molczan na birnin Toronto, wanda ya daɗe yana haɗa awon abokansa yana fitar da falakin taurarin da ba a wallafa ba.

A ƙarshen Fabrairun 1990 kumbon Atlantis ya kai wani tauraro na asiri sararin samaniya. Bayan 'yan makonni aka ba da rahoton cewa ya tarwatse. Amma a watan Oktoba na shekarar, masu kallo a Scotland da Faransa suka hango wani abu mai haske da ba ya cikin kundi, a nisan kusan kilomita 800, lissafi kuma ya danganta shi da wancan tashi na Atlantis. Ba a jima ba ya sake ɓacewa. Masu bincike sun yi imanin cewa tauraro ne da aka ƙera musamman don ya ɓuya.

A watan Afrilun 2010 rundunar sojin saman Amurka ta harba ƙaramin kumbon nan maras matuƙi, X-37B, ba tare da faɗin inda zai bi ba. Cikin wata guda masu kallo suka gano shi a nisan kusan kilomita 400.

A ƙarshen Agustan 2019 kuma, shugaban Amurka Donald Trump ya wallafa hoton wani dandalin harba roka na Iran da ya yi hatsari. Masu bin sawu a Holand, cikinsu har da Marco Langbroek, suka duba inuwoyin da ke hoton don ƙiyasta lokacin ɗaukarsa, da kusurwar da aka hango wurin, suka gwada da falakin da suka riga suka tara. Sakamakon ya nuna tauraron leƙen asiri USA 224, wanda aka harba a 2011.

Ba kowa ke jin daɗin wannan aiki ba. Masu suka suna cewa wanda ya san lokacin giftawar tauraron leƙen asiri zai iya ɓoye abin da yake yi kafin ya iso. Akan kawo misalin Indiya, wadda rahotanni suka ce ta tsara shirye-shiryen gwajin nukiliyarta na 1998 ta yadda za ta kauce wa idon taurarin Amurka.

Masu kallon kuma suna amsawa da cewa abin da mutum ɗaya zai gano da madubi daga bayan gidansa, ƙasa mai na'urorin rada ta riga ta san shi. Suna kuma nuni da yarjejeniyar 1967, wadda ta ce sararin samaniya ba mallakar wata ƙasa ba ne, da ta 1975 da ta bukaci ƙasashe su yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya rajistar abin da suka harba.

Kyamara ta shigo, sama ta cika

Yawancin masu bin sawu na yau sun koma ga kyamara. Idan aka buɗe idonta na 'yan daƙiƙoƙi, tauraron yakan bar zane a hoto, sai manhaja ta auna farkon zanen da ƙarshensa a tsakanin taurari. Wasu suna amfani da kyamarar bidiyo mai gani cikin duhu, wadda ke ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, na'urar GPS tana buga lokaci a kan kowanne. Jinkirin yatsa ya kau, amma tambayoyin nan biyu suna nan yadda suke.

Hasashen giftawa ma ya zo hannun kowa. Shafuka irin su Heavens-Above da manhajojin waya suna ba da lokaci da taswirar hanya ga duk garin da aka sa musu.

Sama ita ma ta sauya. Walƙiyar tsofaffin taurarin sadarwa na Iridium, wadda kan fi Zara haske na 'yan daƙiƙoƙi, ta ƙare bayan da aka maye gurbinsu zuwa 2019. A watan Mayun 2019 aka harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60, waɗanda akan gani a jere kamar ayari kwanaki kaɗan bayan harbawa. Taurari masu aiki yanzu sun haura 10,000, har masana ilmin taurari suna kukan cewa suna ɓata musu hotuna. A da wahalar ita ce a ga tauraro. Yanzu wahalar ita ce a tabbatar wanne aka gani, kuma lokaci da matsayi ne kaɗai ke raba gardama.

Yawancin sanannun masu wannan aiki suna Turai da Arewacin Amurka ne, sai ɗaiɗaiku a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Tauraron da falakinsa bai karkata sosai daga Ikwaita ba, ba ya hawa sama a ƙasashen da ke can arewa, wani ma ba a ganinsa ko kaɗan. Mai kallo a Kano, wadda ke digiri 12 arewa da Ikwaita, ko a Damagaram ko Garwa, kusan kowane tauraro na kusa da ƙasa yana bi ta kansa. Wannan matsayi ne ya sa hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbunan Mercury a Kano a farkon shekarun 1960.

Cikas a yankin shi ne gajimaren damina da ƙurar hunturu. Lokacin da sama ta fi washewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauka. A irin wannan dare, wanda ya fita bayan gari nesa da fitilu bayan magariba, ya ba idonsa minti goma sha biyar ya saba da duhu, da wuya ya yi rabin sa'a bai ga ɗigon haske yana ratsa taurari ba.